Kada Mu Bar Su A Bakin Kwalbati

Da asubar wata Laraba, tsakiyar hunturu, muna dawowa daga masallaci, ɗana ya ja hannun rigata ya ce, "Baba, ka ji wani abu yana kuka?" Na tsaya na kasa kunne. Kukan siriri ne kamar na ɗan tsako, yana fitowa daga bakin kwalbatin da ke ƙarshen layinmu. Na haska fitilar waya. Kwalin taliya ne an ɗaure shi da igiya, gindinsa ya jiƙe sharkaf da ruwan kwata. Da na kwance, sai ga 'yan kwikwiyo biyar a cure wuri guda, idonsu bai daɗe da buɗewa ba. Biyu sun riga sun sandare. Ukun da suka rage suna ta cusa kai ƙarƙashin gawar 'yan'uwansu, suna neman ɗumi, suna neman nono.

Mutum ne ya yi wannan aiki. Ya raba su da uwarsu, ya nemo kwali, ya nemo igiya, ya ƙulle, ya fito cikin dare ya ajiye su inda sanyi zai ƙarasa masa abin da hannunsa ya kasa. Ban san ko wane ne ba, ba kuma nemansa nake yi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne mu sauran, mu da muka fito sallah a jere muka wuce ta gefen kwalin nan, kunnenmu ya ji, ƙafarmu ba ta tsaya ba. Ni ma da yaro bai ja rigata ba, da na wuce.

Jama'a, wannan kira nake kawo muku: mu daina wucewa. Karen da aka yasar a unguwarmu, mu tsamo shi, mu riƙe shi na 'yan makonni, mu yi masa allura, mu nema masa gidan da ake bukatarsa. Aiki ne da bai fi ƙarfinmu ba, kuma rayukan 'ya'yanmu na cikinsa.

Ku tambayi kanku daga ina karnukan bola suke fitowa. Ba daga daji suka shigo mana ba. Wani ya ɗauko kwikwiyo don gadin gininsa, aka gama gini, aka tare, aka kore shi da sanda. Wani saurayi ya shiga farauta shekara biyu, ya samu aiki a birni, ya tafi ya bar karnukansa suna jiransa a ƙofar kango. Wani mai hali ya sayo karen ƙasar waje da kuɗi mai yawa don a gani, da ya ga abincinsa da maganinsa sun zame masa nauyi, sai ya sa direba ya kai shi bayan gari ya sauke. Karya kuwa cikinta wata biyu ne kawai, kwana 63 ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo biyar, shida, har fiye. Karya guda da aka kora bana, baɗi zuriyarta ta cika juji. Mu muka shuka su, mu kuma muke ciyar da su da sharar da muke jibgewa a kowace kwana da jinin da ke malala daga mahauta. Bayan haka sai mu fito da duwatsu muna cewa sun addabe mu.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu tun daga layin farko, domin shi ne abin da mahaifiyata ta faɗa da na shigo da kwalin nan tsakar gida. Tana zaune kan tabarma da carbi, ta ɗaga kai ta ce, "Kai, ɗan nan, kare za ka shigo mana da shi gidan da ake sallah?" Na durƙusa na ce, "Inna, ki duba su tukuna." Ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Kai su bayan ɗakin kaji, kada su taɓa mini kwano. Ka ɗauki tsohon bargon can ka shimfiɗa musu." Ba ta sake cewa komai ba. Washegari ita ce ta fara tambaya ko sun sha wani abu.

Abin da Inna ta yi shi ne tarbiyyar da muka taso a kai, kuma addininmu bai saɓa masa ba. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ladansa na raguwa kullum. Gaskiya ne an umarce mu mu wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Babu mai musun wannan, ba kuma ina kiran kowa ya kwana da kare a gado ba ne. Amma littattafan da suka kawo waɗannan su ne suka kawo labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishi, ya koma ciki ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa saboda wannan. Su suka kawo labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, aka yi mata azaba a kan haka. Alƙur'ani ya halatta mana abin da karen farauta mai horo ya kamo, ya kuma ambaci karen Ashabul Kahfi kwance a bakin kogo tare da bayin Allah na gari. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muke kai, duk mai rai yana da tsarki muddin yana raye, har da kare da yawunsa, wankin nan sau bakwai kuwa bin umarni ne. Malaman da suka yi wa Risala sharhi sun kawo cewa mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaron gidansa lokacin da tsoro ya yi yawa. Ɗaliban zaure sun san wannan. To daga ina muka samo cewa jifan kwikwiyo har ya mutu wasan yara ne? Daga ina muka samo zuba wa karya mai shayarwa tafasasshen ruwa don ta kwanta a inuwar katanga? Wane malami ya karantar da mu wannan? Babu. Rashin tausayi ne muka bari ya girma a cikinmu, muka lulluɓe shi da sunan ƙyama.

Wanda tausayin dabba bai motsa shi ba, to ya saurari wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga cizon kare suke kamuwa, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara, domin su ne ke wasa a lungu, su ne ke bin kare da dutse, su ne kuma ke ɓoye cizon don tsoron duka. Cutar tana kwanciya a jiki shiru, galibi wata biyu zuwa uku, ciwon ya warke, kowa ya manta. Ranar da ta isa ƙwaƙwalwa, yaro ya fara zazzaɓi, ya fara firgita, ya ga ruwa a kofi maƙogwaronsa ya shaƙe alhali ƙishirwa na cinsa. Daga wannan lokaci kusan babu mai tashi. Iyaye su yi ta yawo da shi ana cewa iska ce, ana turare ana tofi, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Wanda ya taɓa ganin wannan mutuwa sau ɗaya ba ya son a maimaita masa labarinta.

Abin baƙin cikin shi ne maganin abin yana hannu tun zamanin kakannin kakanninmu. A 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. Ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe don yaƙi da wannan cuta, ranar rasuwarsa ce. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana haɗa allurar rigakafin da ake yi wa karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar tana rasa hanyar bi daga wannan kare zuwa wancan, sai ta mutu da kanta. An gwada an gani. Meziko ta dage a kan haka shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta kawar da mutuwar mutane daga wannan cuta ta hanyar cizon kare. In kuma wani zai ce Meziko ta yi nisa, to ga Njamena nan a Chadi, garin da 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune suna kasuwanci. A 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta, aka haura kashi 70 ɗin nan, cutar ta ɓace daga karnukan birnin na tsawon watanni. Da ta dawo, ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje ta dawo, abin da ke nuna aikin ba na yi-sau-ɗaya-a-huta ba ne. Duniya ta sa wa kanta 2030 a matsayin shekarar da ba za a ƙara rasa rai ta wannan hanya ba. Shekarun da suka rage ana ƙirga su da yatsun hannu.

Yanzu ku haɗa maganar biyu. Karen da ba shi da mai shi, wa zai kama shi ya kai shi allura? Babu. Karen da ke da gida, ya san sunansa, ya san hannun da ke ba shi ƙanzo, yaro ma zai iya sa masa igiya ya kai shi. Duk kare guda da muka ɗauke daga bola muka mayar mai gida mai allura, mun toshe wa cutar ƙofa guda. Ya zama katanga tsakanin 'ya'yanmu da mahaukacin karen da zai shigo daga wani gari, domin kare ba ya barin baƙo ya zauna a yankinsa.

Shi ya sa nake roƙonku da babbar murya ku bar maganar guba. Duk sanda aka ciji wani, sai hankali ya tashi, a kwaɓa guba da nama a watsa a juji, da safe a wayi gari da gawarwaki. Wa ke fara ci? Karen da ya saba da mutane, mai lafiya, wanda watakila ma an yi masa allura. Bayansa kyanwa ta ci, ungulu ta ci gawar ta faɗi, kaji su yi tsattsaga a wurin, yara ƙanana kuma a nan suke wasa. Jujin yana nan, abincin yana nan, kafin wata uku wasu karnukan da ba wanda ya san tarihinsu sun maye gurbin. A 1910 hukumomin Santambul sun kwashe dubun-dubatar karnuka daga titunan birnin, suka zube su a wani tsibirin dutse da ba ruwa ba abinci, suka mutu da yunwa da ƙishirwa, mutanen da ke wucewa a jirgin ruwa suna jin kukansu. Titunan suka sake cika. Sama da shekara ɗari ke nan, har yau darasin bai canza ba. Karen da ya haukace, wannan dole a kawar da shi, kuma aikin jami'an dabbobi ne, su ne za su ɗauki kansa a auna a tabbatar. Kisan kan-mai-uwa-da-wabi kuwa zalunci ne da ba ya ko biyan bukata.

A Landan, a 1860, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe wa karnukan da suka ɓata da waɗanda yunwa ta kama mafaka a wata tsohuwar bargar dawaki. Jaridu suka yi mata ba'a, suna cewa ga mutane na fama ita tana ta karnuka. Gidan ya koma Battersea a 1871, yana nan yana aiki har gobe. Mu ba mu da irin wannan gida a yawancin garuruwanmu, kuma in muka ce sai an gina za mu fara, kwalaye da yawa za su jiƙe a bakin kwalbati kafin a sa tubalin farko. Amma muna da abin da ko su can suke roƙon mutanensu su yi, wato riƙo. Wane Bahaushe ne za a koya wa riƙo? Mu da muke karɓar ɗan 'yar'uwa mu raine shi har aure. Mu da muke ba da akuya kiwo a ƙauye, a kula da ita, ta haihu a raba. Mu da baƙo zai sauka a zaurenmu ya yi wata guda ba a tambaye shi ranar tafiya ba. Abin da nake nema bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan nauyi ba: mako shida, mako takwas, a wani lungu na bayan gida, har a samu mai ɗauka.

Bari in faɗa muku yadda namu ya kasance, don kada wani ya zaci sai mai kuɗi. Abu na farko ɗumi ne, domin ɗan kwikwiyo ba ya iya riƙe zafin jikinsa, sanyi na kashe shi kafin yunwa. Muka cika gorar roba da ruwan ɗumi, muka naɗe da tsumma muka sa a kwalin. Madarar shanu kan sa su zawo, sai muka samo nonon akuya wurin maƙwabciya, muna ɗiga musu da sirinji marar allura bayan kowace awa uku, har cikin dare. Bayan sun sha, sai a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a shafa musu mara, kamar yadda uwarsu za ta lashe su, in ba haka ba fitsari da kashi ba sa fita. Ɗaya ya mutu a dare na uku, ɗana ya yi kuka, muka haƙa rami a bayan gida muka rufe shi. Biyun suka rayu. Da suka kai mako huɗu suka fara lasar koko da tuwo da aka dama da romo a kasko. Na kai su asibitin dabbobi na gwamnati, aka ba su maganin tsutsar ciki, aka nuna mini yadda ake cire kaska, aka yi musu allurar cututtukan ƙuruciya, musamman mai sa zawon jini da ke kwashe 'yan kwikwiyo, aka ce in dawo da su suna wata uku a yi ta haukan kare. Likitan ya ja mini kunne a kan abu uku: kada a ba su albasa, kada a ba su dafaffen ƙashin kaza don yana tsagewa ya huda hanji, kada kuma a ba su maganin ciwon kai na mutane. Duk abin da na kashe a kansu bai kai abin da nake kashewa a katin waya a wata biyu ba.

Babban kare kuwa, a yi hattara. Kada yaro ya tunkare shi, kada kuma babba ya kai hannu ga karen da ke dalalar da yawu, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko haushinsa ya canza, ko yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gani. Irin wannan a kauce, a tsare yara, a kira jami'an dabbobi. Wanda yunwa ce kawai ta ramar da shi, ko mota ta karya shi, ko ƙazwa ta cinye masa gashi, a fara da ajiye masa ruwa da abinci daga nesa har ya saba, sannan a nemi wanda ya iya kama kare, mafarauci ko ma'aikacin dabbobi, a killace shi shi kaɗai ana lura da shi, likita ya duba shi kafin ya haɗu da yara ko wasu dabbobi. In tsautsayi ya sa an ciji wani ko an yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a nufi asibiti a ranar a fara allura. Kada a tsaya sa barkono ko toka ko gashin kare. Kada a doki yaron da ya zo ya faɗa, domin dukan yau shi zai sa ya ɓoye na gobe.

Neman gida shi ne wurin da ake bukatar natsuwa. Masu bukatar kare suna da yawa a ƙasarmu, ba mu dai haɗa su da karnukan ba ne. Makiyayi na bukatarsa a ruga. Mai lambu na bukatarsa saboda ɓarayi da birai. Mai gidan gona da mai kiwon kaji da mai gadin shago duk suna nema, mafarauta kuwa kullum cikin cigiyar kwikwiyo mai kyau suke. Karenmu na gida, ja mai tsayayyen kunne, ya fi na waje jure zafi da ƙishi da cututtukan wurin nan, sauran tuwo da dusa sun ishe shi. Amma kada ka miƙa wa duk wanda ya miƙo hannu. Akwai fataken da ke bin ƙauyuka da garuruwa suna tara karnuka a keji suna lodawa a mota zuwa kasuwannin da ake sayar da su don nama, kuma ba don wannan ka yi makonni kana tashi cikin dare ba. Ka tambayi mai so: me zai yi da shi, ina zai kwana, akwai inuwa, wa zai ba shi ruwa in ya yi tafiya, matan gidan sun yarda? Ka je ka ga wurin da idonka. Ka sa wanda ku biyu kuke jin nauyinsa ya zama shaida. Ka bayar kyauta, malamanmu ma sun yi magana a kan cin kuɗin kare, ka haɗa da katin allurarsa, ka kuma ce masa in ya gaji ya dawo maka da shi, kada ya kore shi.

Daga cikin 'yan kwikwiyonmu biyu, baƙin, wanda yara suka sa wa suna Duna, wani dattijon Bafulatani da muke sayen nono wurin iyalinsa shekara da shekaru ne ya ɗauke shi. Ya zo ranar kasuwa, ya tsuguna, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakinsa ya duba, ya tafa hannu ya ga yadda ya juyo. Na ce, "Baffa, amana ce zan ba ka. Duk shekara a kai shi allura." Ya ce, "Malam, wanda zai kwana a bakin garkena ai ɗan gida ne. In na manta, ka aiko yaro ya tuna mini." Ya saka shi a jakar da ke rataye a kafaɗarsa, kai kawai a waje. Da damina na kai ziyara rugar, tun daga nesa Duna ya taho da gudu yana haushi, da ya ji muryar ɗana sai ya kwanta a ƙasa yana birgima. Macen kuma tana wurin wani mai lambu a bakin fadama, an yi mata aikin hana haihuwa a asibitin dabbobi kafin mu miƙa ta. Wannan aiki, da dandaƙar namiji, shi ne ke rufe bakin rijiyar gaba ɗaya. Mai karya da ba ya son 'ya'ya, ya kai ta a yi mata, ya fi masa sauƙi a kan neman kwali da igiya sau biyu a shekara.

Masu unguwanni da dagatai, ranku ya daɗe, ku kuka san kowane gida. Ku sa a san karnukan da ke unguwa da masu su, ku sa a yi shela ranar da masu allura za su zo, ku hana watsa guba a ƙasarku. Limamai, Allah Ya gafarta muku, huɗuba guda a kan haƙƙin dabba za ta sauke duwatsu daga hannun yara fiye da duk abin da zan rubuta. Malaman boko da na allo, ku koya wa yara su tsaya cik in kare ya taso musu, kada su ruga, kada su taɓa mai cin abinci ko mai shayarwa, su kuma faɗa nan take in an cije su. Sarakunan baka da shugabannin mafarauta, ku kuka fi kowa sanin kare, ku kuka fi kowa cin moriyarsa. Karen da ya tsufa yana kamo muku zomo bai cancanci a sake shi a daji ranar da ƙafarsa ta gaza ba, kuma in kuka ce kowane ɗan farauta ya kawo nasa allura, babu wanda zai ƙi. Ɗaliban likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ku fito unguwanni ranar hutu, ilminku a nan ake jiransa. Hukumomin jihohi da ƙananan hukumomi, allurar kare ta fi allurar wanda aka ciza arha nesa ba kusa ba, ku sa ta a kasafi, ku kawo ta ƙofar gida, ku kuma tabbata asibitocinmu ba su rasa ta mutane ba, domin uban da ya zo da ɗansa a ranar cizo ya yi nasa.

Matasa masu waya a hannu, ku kuma ga naku. Zaurukan WhatsApp da kuke tallan takalmi da atamfa a ciki za su iya ɗaukar hoton kwikwiyo da bayanin shekarunsa da allurarsa. Mutum biyar sun isa su fara a unguwa guda: mai fili a bayan gida, mai babur da zai kai asibiti, mai ɗan abin hannu da zai biya allura, wanda ya san mutanen ƙauye da ruga, da wanda zai riƙa komawa yana duba waɗanda aka bayar. Mata, ku ne a gida, ku ne ke da sauran tuwo da ƙanzo, kuma na ga da idona cewa in uwar gida ta ce a shimfiɗa bargo, magana ta ƙare.

Hunturu na tafe, kuma a daidai lokacin ne 'yan kwikwiyo ke cika kangaye da ƙarƙashin tsofaffin motoci. Tun yau ka nemo kwali mai kauri da tsohon bargo ka ajiye. Ka tambayi inda asibitin dabbobi mafi kusa da kai yake, ka karɓi lambar ma'aikacinsa. Ka yi wa maƙwabcinka mai karya magana tun cikin bai tsufa ba, ka ce masa in ta haihu ya bar su su sha nono mako takwas, kai za ka taya shi nema musu gida. Gobe da asuba, in ka fito masallaci ka ji kukan nan siriri daga bakin kwalbati, ka tsaya, ka haska fitila, ka kwance igiyar.